Darasi na 7: Saita Kafireta da Gano Ciwon Boris a Babur Ɗan Daji

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana so mai koyo ya iya:

1. bayyana aikin kafireta da hanyoyi uku da take ba inji mai;
2. bambance injin da mai ya yi wa yawa da wanda iska ta yi wa yawa;
3. saita silo da sukurun haɗi bi da bi;
4. gwada boris ɗin taya da hannu da kunne;
5. karanta lambar boris don sayen wanda ya dace.

Gabatarwa

Akwai baburan da aka ƙera don su hau kwalta, su kuma shiga burji da yashi da kwazazzabo. Ana gane su da tsayi, da taya mai tudu-tudu, da tayar gaba mai inci 19 ko 21. Kamfanin Yamaha na Japan ya fito da DT-1 a 1968, kuma shi ne ya sa irin wannan babur ya karɓu a duniya. Daga cikin irin waɗannan babura akwai Honda XL da XR, da Yamaha DT da AG da XTZ, da Suzuki DR. A ƙasarmu malaman gona da ma'aikatan rigakafi da likitocin dabbobi ne suka fi hawansu, domin aikinsu yana kai su inda mota ba ta zuwa.

Ƙura da ruwa su ne abokan gabar wannan babur, kuma wurare biyu suka fi yi wa illa: kafireta da boris. Abin da za mu koya ya shafi har baburan haya irin su Boxer da Jincheng, tunda tsarin ɗaya ne. Ƙa'idarmu guda ce daga farko har ƙarshe: a bincika kafin a kwance, kuma a taɓa abu ɗaya a lokaci ɗaya.

KASHI NA ƊAYA: KAFIRETA

1. Mene ne aikin kafireta?

Fetur ba ya cin wuta sai da iska. Aikin kafireta shi ne haɗa su daidai gwargwado kafin su shiga inji. Ku tuna da famfon fesa maganin sauro na hannu: idan aka tura iska da ƙarfi ta bakin siririn bututu, sai ta zuƙo maganin daga gwangwani ta watsa shi. Haka kafireta take yi. Fistin yana zuƙo iska, iskar ta ratsa ta matsattsen maƙogwaro, gudunta ya ƙaru, sai ta janyo fetur daga ƙaramin kofin da ke ƙasa.

Haɗin da ke ƙonewa tas shi ne kilo 14.7 na iska ga kilo 1 na fetur.

*Misali na 1.* Litar fetur ɗaya tana da nauyin kusan kilo 0.74. Idan muka ninka 0.74 sau 14.7, za mu sami kusan kilo 11 na iska. Wannan ya kai kimanin lita 9,000 na iska. Ke nan duk litar man da kuka ƙona, injinku ya shaƙi iska lita 9,000, kuma dukkanta ta soson matatar iska ta bi. A lokacin hunturu, ku auna yawan ƙurar da wannan soso yake tarewa.

> AKWATIN KALMOMI NA 1
> Kafireta: na'urar da ke haɗa fetur da iska.
> Jet: ɗan ƙarfen tagulla mai rami a tsakiya, wanda ke auna man da zai wuce.
> Silo: aikin inji a hankali ba tare da an murɗa totur ba.
> Fulot: abin da ke yawo a kan mai cikin kofin kafireta, yana tsayar da man idan kofin ya cika.
> Cok: abin da ke ƙara wa haɗin mai don inji mai sanyi ya tashi.

2. Hanyoyi uku na mai

Kafireta ba ta rami ɗaya take ba da mai ba. Hanyar da ke aiki ta danganta da yadda aka murɗa totur:

- Daga silo zuwa rubu'in totur: ƙaramin jet da sukurun haɗi.
- Daga rubu'i zuwa kashi uku cikin huɗu: allurar da ke rataye a fistin ɗin kafireta.
- Daga nan zuwa ƙurewar totur: babban jet.

Wannan rabo shi ne mabuɗin bincike. Babur ɗin da ke mutuwa a silo amma yana gudu lafiya a hanya, matsalarsa tana wajen ƙaramin jet. Wanda kuwa yake silo lafiya amma ya shaƙe idan an ƙure totur, sai a dubi babban jet ko isowar mai daga tanki. Don haka tambayar farko ga mai babur ita ce: “A wane wurin totur yake yi maka haka?”

3. Mai ne ya yi yawa, ko iska?

*Alamun mai ya yi yawa:* baƙin hayaƙi a salansa, warin ɗanyen fetur, shan mai, nauyin jiki wajen tashi, da inji mai yin ɓur-ɓur-ɓur. Irin wannan babur yakan tashi da safe ba cok, amma da ya yi zafi sai ya ƙara lalacewa.

*Alamun iska ta yi yawa:* inji mai zafi fiye da kima, wahalar tashi da safe, harbin fat-fat a salansa idan an saki totur, da ƙugin da ke jinkirin sauka bayan an saki totur. Wannan ya fi haɗari, domin zafin yana iya ƙona bawul ko ya huda fistin.

Fulogi shaida ne da ba ya ƙarya. Bayan tafiya mai ɗan nisa, ku bari inji ya huce, ku kwance shi ku dubi bakinsa:

- ruwan ƙasa mai haske, a bushe: haɗi ya yi daidai;
- baƙi mai kunkunniya, a bushe: mai ya yi yawa;
- fari fat: iska ta yi yawa;
- baƙi mai maiƙo: baƙin mai ne ke shiga, aikin zoben fistin ne ko bawul, kafireta ba ta da laifi.

Akwai kuma gwajin cok. Idan inji ya yi zafi, ku ɗan ja cok kaɗan. In aikinsa ya gyaru, to da ma mai yake nema. In ya ƙara shaƙewa, man ya ishe shi ko ya yi masa yawa.

4. Abin da ake dubawa kafin a taɓa sukuru

Sau da yawa ana ɗora wa kafireta laifin da ba nata ba. Ku fara da waɗannan:

1. Mai. Ku tsiyayo na cikin kofin kafireta a kwalba mai haske. Ruwa ya fi fetur nauyi, za ku gan shi kwance a ƙasa tare da tsatsa da yashi.
2. Matatar iska. In ta soso ce, a wanke da kananzir, a matse ba tare da murɗawa ba, a shanya, a shafa mata mai kaɗan. In ta takarda ce, a sake sabuwa. Kada a taɓa hawan babur babu ita, domin ƙura tana cinye zobe da silinda.
3. Fulogi. A goge shi, a duba tazarar bakinsa. A yawancin ƙananan babura tana tsakanin milimita 0.6 da 0.8.
4. Robar wuyan kafireta. In ta tsage, iska tana satar hanya ta nan, kuma babu saitin da zai zauna.
5. Bawul. In tazararsa ta matse, babur zai ƙi tashi ya ƙi silo.
6. Jet da fulot. A wanke jet, a hura masa iska, a ɗaga shi sama a ga haske ta raminsa. Kada a zura masa allura ko waya, domin tagulla tana da laushi, ramin zai faɗaɗa. In mai yana zuba ta tiyon ƙasa, allurar fulot ce ba ta rufewa.

> GARGAƊI
> Kada a kwance kafireta kusa da wuta ko sigari ko janareta mai aiki. Kada a zuƙi fetur da baki. Kada a bar inji yana aiki a rufaffen ɗaki, domin hayaƙinsa yana ɗauke da guba marar wari mai kisa.

*Misali na 2.* Wani malamin gona ya lura cewa a da lita 3 tana kai shi kilomita 120, yanzu da hunturu ya kankama sai ya sha lita 4. Lissafi: 120 a raba gida 3, kilomita 40 ke nan a lita, 120 a raba gida 4, kilomita 30. Ya yi asarar kilomita 10 a kowace lita. Fulogi baƙi ne a bushe. Da aka buɗe akwatin iska, sai ga soso ya yi jajir da ƙura, har yana zuba idan an kaɗa shi. Aka wanke shi, babur ya koma yadda yake, ba a taɓa ko sukuru ɗaya ba. Da a ce an rage mai a kafireta alhali soson yana toshe, ranar da aka wanke shi iska za ta yi yawa, inji ya ɗau zafi.

5. Saita silo da sukurun haɗi

A jikin kafireta akwai sukuru biyu. Na silo yana da sifirin, yana ɗaga ƙugi ko ya sauke shi. Na haɗi ƙarami ne, kuma iri biyu ne. In yana ɓangaren inji, na mai ne: sassauta shi yana ƙara mai. In yana ɓangaren matatar iska, na iska ne: sassauta shi yana ƙara iska.

1. Ku hau babur na kamar minti 10 ya yi zafi, ku tabbatar cok a kashe yake.
2. Ku ɗaure sukurun haɗi a hankali kuna ƙirga zagaye har ya zauna. Kada ku matsa, bakinsa siriri ne. Ku rubuta adadin, sannan ku mayar da shi inda yake. Yawanci yana tsakanin zagaye ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi.
3. Ku tayar da inji, ku ɗan ɗaga silo.
4. Ku juya sukurun haɗi rubu'in zagaye, ku dakata ku saurara. Ku gwada ciki, ku gwada waje, har ku sami inda ƙugi ya fi ɗagawa kuma ya fi daidaituwa.
5. Ku sauke silo da sukurunsa. A yawancin injuna masu cc 125 zuwa 200 yana kusa da juyi 1,400 a minti.
6. Ku murɗa totur ku saki. Inji ya amsa nan take, ya kuma koma silo ba jinkiri.

In sukurun mai bai gyara aiki ba sai da ya wuce zagaye uku, ku daina juyi. Ƙaramin jet ya toshe ko iska tana shiga ta wani wuri.

6. Allura da babban jet

A saman allurar yawancin kafiretoci akwai layuka da ake maƙala ɗan kilif. Sauke kilif ƙasa yana ɗaga allura, mai ya ƙaru. Ɗaga kilif sama yana sauke ta, mai ya ragu. Layi ɗaya ake matsawa, a gwada.

Babban jet yana da lamba a jikinsa. Babbar lamba, mai da yawa. Kamfanonin Keihin da Mikuni na Japan, waɗanda suka fi shahara da ƙera kafireta, kowanne da tsarin lambarsa, don haka ba a musanya jet ɗin wannan da na wancan bisa lamba kawai.

*Misali na 3.* An ɗauki babur daga Kano, wadda tsayinta daga teku bai kai mita 500 ba, aka kai shi aiki Gembu a kan tsaunin Mambila. Can ya fara baƙin hayaƙi da kasala a hawa. Dalili shi ne iska tana raguwa da kusan kashi 10 cikin 100 a duk hawan mita 1,000, alhali jet yana ba da mai kusan yadda ya saba. In zama za a yi, sai a sa jet mai ƙaramar lamba da mataki ɗaya. Ranar da aka sauko kuwa, dole a mayar da na asali, in ba haka ba inji zai ɗau zafi.

KASHI NA BIYU: BORIS ƊIN TAYA

7. Mene ne boris?

A cibiyar kowace taya akwai boris biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, da ɗan bututun ƙarfe a tsakaninsu. A wasu babura akwai na uku a mariƙin haƙoran sarƙa. Boris zobe biyu ne, da ƙwallayen ƙarfe a tsakani cikin giris. Zoben ciki yana tsaye a kan aksul, na waje yana juyawa da taya. Duk nauyin babur da mahayi da kaya a kan waɗannan ƙwallaye yake.

> AKWATIN KALMOMI NA 2
> Boris: zobba biyu da ƙwallaye masu sa taya ta juya ba tirjiya.
> Aksul: sandar ƙarfen da ta ratsa cibiyar taya.
> Sil: robar da ke hana ƙura da ruwa isa wurin boris.
> Giris: man shafawa mai kauri.
> Wasa: motsin gefe da gefe da bai kamata a ji a taya ba.

Abubuwan da ke kashe boris sanannu ne: ƙetare rafi da damina, fesa ruwan matsi a cibiyar taya wurin wanki, yashin da ke shiga ta yagaggen sil, lodin buhuna fiye da kima, da ɗaure sarƙa tamau. Da zarar ruwa ya wanke giris, tsatsa ta shiga, ƙwallaye su fara cin zobe.

8. Gwaji huɗu

A hanya, mataccen boris yana gurnani wanda ke ƙaruwa da gudu, ko da an kama kuloc. Babur yana rangaji, birki yana kamawa yana saki. Ku ɗora shi a kan kututture, tayar ta bar ƙasa, ku yi waɗannan:

1. Jijjigawa. Hannu ɗaya a saman taya, ɗaya a ƙasa, ku tura ku ja. In kun ji ƙwas-ƙwas, akwai wasa. Lafiyayyen boris ba ya wasa ko kaɗan.
2. Juyawa. Ku juya tayar, ku dafa ƙafar gaba ko ƙarfen da ke riƙe da tayar baya. Gurzar boris tana ratsowa har tafin hannu.
3. Zafi. Bayan tafiyar da ba a yawaita birki ba, ku taɓa kusa da aksul a hankali. Zafi mai yawa alama ce.
4. Yatsa. Ku cire tayar, ku zura yatsa a zoben ciki ku juya. Ya kamata ya tafi sumul. In yana ƙaras-ƙaras, ko yana sarƙewa, ko jan ruwan tsatsa yana fitowa, ya gama aiki.

Kada ku yanke hukunci da gaggawa, domin akwai masu kama da shi. Sakakken notin aksul yana kawo wasa. Sakakkun wayoyin taya ma haka. Ku ƙwanƙwasa su da sifana, mai kyau yana ƙara tar, sakakke yana yin dum. In tayar baya da ƙarfen da ke riƙe da ita suna motsi tare, bushin ƙarfen ne ya ci. In an kama birkin gaba an tura babur aka ji ƙwas a wuya, boris ɗin wuya ne. Ƙarar da ke zuwa a wuri ɗaya a kowane zagaye kuwa, yawanci birki ne ke goga.

*Misali na 4.* Wata ma'aikaciyar lafiya ta kawo babur gareji.

“Malam, ina jin gurnani a baya tun da muka ƙetare rafi makon jiya.”

Yaron gareji ya ce, “Maigida, in sayo boris?”

“Dakata tukuna. Zo ka riƙe tayar nan. Me ka ji?”

“Tana wasa, Maigida.”

“To, dubi ƙarfen. Yana motsi tare da ita?”

“A'a, tayar ce kaɗai.”

“Gwada notin aksul.”

“A ɗaure yake tam.”

“Yanzu ka cire ta. Hajiya, ki zo ki gani da idonki.”

Sil ɗin hagu ya yage, giris ya zama jan laka. Sai a lokacin aka aiki yaro kasuwa, da tsohon boris a hannunsa.

9. Karanta lamba da sauyawa

Kowane boris yana da lamba a gefensa, kamar 6301 ko 6202. Lambobi biyu na ƙarshe suna nuna faɗin ramin ciki: 00 milimita 10 ne, 01 milimita 12, 02 milimita 15, 03 milimita 17. Daga 04 zuwa sama, ninkawa ake yi sau 5. Haruffan 2RS na nufin murfin roba gefe biyu, ZZ kuma murfin ƙarfe. Ga babur mai shiga ƙura da ruwa, mai roba ya fi.

*Misali na 5.* Boris 6204: 4 sau 5, rami milimita 20. Boris 6202 da 6302 kuwa raminsu ɗaya, milimita 15, amma faɗin waje na farkon 35 ne, na biyun 42. Ɗaya ba ya shiga gurbin ɗaya, don haka a duba lambar gaba ɗayanta.

Wajen sauyawa, a sake duka biyun tare da sil. A fitar da tsohon ta ɗaya gefen, ana bugawa ana zagayawa. Sabon kuwa a zoben waje kaɗai ake bugunsa, ta hanyar ɗora soket mai faɗinsa; bugun zoben ciki yana lotsa hanyar ƙwallaye tun kafin a hau. Kada a manta bututun tsakiya, domin in babu shi, ɗaure aksul zai matse boris ya mutu nan da nan. Akwai jabu masu ɗauke da sunayen manyan kamfanoni irin su SKF da NSK da NTN, saboda haka a saya wurin amintaccen ɗan kasuwa.

Matsalar kafireta tana cin kuɗin mai ko ta ajiye mutum a hanya. Ta boris tana iya kulle taya ana cikin gudu. Duk babur ɗin da tayarsa ke wasa, kada a ɗauki mutum a kansa sai an gyara.

Taƙaitawa

- Wurin totur da matsala ke bayyana shi ke nuna ɓangaren da za a duba.
- Mai, matatar iska, fulogi, roba da bawul ake fara dubawa kafin sukuru.
- A rubuta saitin asali, a canza abu ɗaya, a gwada.
- Lafiyayyen boris ba ya wasa, ba ya gurza, ba ya zafi.
- A tabbatar ba noti ba ne, ba wayoyi ba, ba bushi ba, kafin a sayi boris.

Aikin yi a aji

Ku rabu uku-uku. Kowane rukuni ya sami babur ɗaya da izinin mai shi, ya kwance fulogi ya rubuta launinsa, ya buɗe matatar iska, sannan ya yi gwajin jijjigawa da juyawa a tayoyi biyu. Ku gabatar wa aji abin da kuka gano.

Tambayoyin bita

1. Mene ne aikin kafireta?
2. Kawo hanyoyi uku na mai da wurin totur da kowacce ke aiki.
3. Me farin fulogi yake nunawa, kuma me ya sa yake da haɗari?
4. Kawo abubuwa huɗu da ake dubawa kafin a taɓa sukurun haɗi.
5. Me ya sa ba a share jet da waya?
6. Babur ya yi kilomita 175 da lita 5. Kilomita nawa yake yi a lita?
7. In an sauke kilif ɗin allura ƙasa, mai zai ƙaru ne ko zai ragu?
8. Me ya sa babur ke baƙin hayaƙi a kan tsauni?
9. Ta yaya za a bambance wasan boris da na bushi?
10. Nawa ne faɗin ramin boris 6203 da na 6205?
11. Cike gurbi: Sabon boris a zoben ________ kaɗai ake bugunsa.
12. Wani maƙwabcinku ya ce babur ɗinsa yana mutuwa a silo, yana so ku juya masa sukuru. Rubuta matakan da za ku bi, daga na farko zuwa na ƙarshe.